Yawon Buɗe Ido a Kwarurukan Adar Dutsi da Majiya

Adar Dutsi tudu ne mai faɗi na dutse a gabashin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Ya mamaye yawancin ƙasar Buza da Keita, ya gangaro kudu har kusa da Madawa. Wanda ya hango shi daga nesa zai ga samansa a shimfiɗe kamar faifai, baƙi wuluk saboda tsakuwar marmara da ta lulluɓe shi. Sai an matso kusa ake gane cewa ruwan sama na dubban shekaru ya tsattsaga shi, ya haƙa masa kwaruruka masu faɗi da kwazazzabai masu zurfi, ya bar tsaunuka masu shafaffen kai tsaye ɗai-ɗai a tsakani. Manyan kwarurukan su ne na Keita da Badagishiri, waɗanda ke gangarawa yamma, da na Majiya, wanda ke bin kudu maso yamma ta ƙasar Buza ya wuce Birnin Ƙwanni, ya tsallaka iyaka, ya zube a tafkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato. Daga gabas kuma kwarin Tarka ne ya yi wa tudun iyaka, ya ratsa ƙasar Madawa.

Wannan wuri ba gandun shaƙatawa ne da hukuma ta killace ba. Ba shi da ƙofa, ba a sayar da tikitin shiga, babu allunan da ke nuna wa baƙo inda zai tsaya ya yi kallo. Gonaki ne da makiyaya da garuruwa na Adarawa da Gobirawa da Abzinawa da Fulani, kuma kowace ƙorama da kowane hayi da mai shi. Duk da haka, akasarin abin da ke kai mutane manyan kwazazzaban duniya yana nan: hawan dutse, hangen nesa daga bakin gangare, tafiyar ƙafa a cikin ƙorama, kallon tsuntsaye, da karanta tarihin ƙasa a jikin duwatsu. Akwai kuma wani abu da ba kasafai ake samunsa a sauran wuraren ba, wato aikin hannun dubban manoma, mata galibinsu, da suka sāke wa waɗannan duwatsu kamanni a cikin shekaru ashirin.

Hanyar shiga ba ta da wuya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙwanni da Galmi zuwa Maraɗi tana ratsa Madawa, kuma daga Madawa wata hanya ta yi arewa zuwa Buza, ta zarce Keita, ta ɓulle Tawa. Wannan hanya ta biyu ita kanta abin kallo ce, domin hawa take yi da sauka: mota ta haye saman tudu inda ba a ganin komai sai baƙar tsakuwa da geza da anza, can kuma ta sunkuya cikin kwari mai gawo da gonaki da rumbunan laka. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. A farkon wannan tsakani kaka ta yi, ciyawa ba ta gama bushewa ba, tafkuna cike suke. A Disamba da Janairu sanyin hunturu kan sauƙaƙa hawan dutse, sai dai wani lokaci hazo yakan rufe hangen nesa kwana biyu ko uku a jere. Afrilu da Mayu kuwa zafi kan wuce digiri 40, dutsen kuma ya riƙa mayar da zafin ranar a fuskar mai tafiya.

Abu na farko da yawancin baƙi ke yi shi ne hawa bakin tudu. Ana farawa da asuba, bayan sallah, kafin rana ta ɗaga. Hanyoyin hawan na makiyaya ne da mata masu itace, ƙafar awaki da ta jakuna ce ta fitar da su, saboda haka sun san inda dutse ba ya zamewa. Hawan ba ya buƙatar igiya ko wani kayan aiki, takalmi mai ƙarfi da gorar ruwa sun isa, amma yana buƙatar haƙuri, domin gangaren cike yake da sakakkun duwatsu da suka ɓaɓɓake daga sama. Mai hawa yakan ratsa launuka kamar wanda ke bin zanen saƙi. A gindi akwai laka mai ruwan toka da rawaya. A tsakiya akwai farin dutse mai laushi. Can sama kuma jan dutse ne mai ƙarfe a jikinsa, da marmara da ta yi masa hula. Wannan hula ita ce sirrin siffar wurin gaba ɗaya: tana da tauri, ruwa ba ya cin ta da sauƙi, amma da zarar ya samu tsaga ya shige ƙarƙashinta sai ya kwashe lakar da ke ƙasa, hular ta rasa madogara ta karye. Haka kwarin ke ƙara faɗi shekara bayan shekara, haka kuma tsaunukan da suka rabu da uwar tudun suke zama da shafaffen kai.

Daga sama ana ganin tsarin zaman mutane ƙarara. Garuruwa sun jeru a gindin dutse, inda ambaliya ba ta kaiwa kuma ba a ci gona ba. Daga nan jigawa ta biyo, inda ake gero da wake. Sai fadama a tsakiyar kwari, mai baƙar ƙasa, inda ake dawa da damina, a yi lambu da rani. Ƙoramar kuma tana tafe a tsakiya tana lanƙwasa, farin yashinta na haske. Da hantsi ana hango ayarin jakuna da amalanke suna nufar kasuwa, da garken shanu suna gangarowa mashaya. Mai son ɗaukar hoto zai fi samun biyan buƙata da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun gangaren a karkace, jan dutse ya yi jajawur, inuwar tsaunuka ta miƙe a kan gonaki.

Abu na biyu shi ne tafiya a cikin ƙorama da rani, daga bakinta a fadama zuwa inda ta tsuke ta zama kwazazzabo. Da farko hanyar yashi ce mai faɗi, bagaruwa da aduwa da magarya a gefe, ga kuma ƙananan rijiyoyin da makiyaya ke tonawa a cikin yashin su samu ruwa a kusa. Sannu a hankali bangon ya fara tashi dama da hagu, yashi ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma manyan duwatsu da ruwa ya mirgino. A irin waɗannan lunguna iska kan yi sanyi, sauti kuma ya riƙa amsa kuwwa. Ana iya cin karo da damo ko guza a kan dutse, da sawun dila da zomo a yashi, da makwarwa da zabin daji da ke tashi fir daga cikin geza. Wannan tafiya ta rani ce kaɗai. Daga Yuli zuwa Satumba ƙoramun Adar na da haɗari ƙwarai, domin saman tudun ba ya shan ruwa: ana iya yin ruwa a wani wuri mai nisa da mai tafiya bai ma ga hadarinsa ba, kafin ya ankara ruwan ya iso da ƙarfi, ɗauke da itace da duwatsu. Mutanen wurin ba sa kwana a cikin ƙorama, ba sa barin mota a cikinta, kuma idan ta kawo sukan zauna a gaɓa su jira ta sauka ko da za a wuni.

Farin dutsen da ke tsakiyar gangare shi ne ya fi jan hankalin ɗalibai da masana. Wanda ya sunkuya ya duba zai ga ɓawon katantanwa iri-iri da suka zama dutse, wasu a naɗe kamar ƙahon rago, wasu kamar tafin hannu, wasu kuma ƙulu-ƙulu da zanen tauraro mai kai biyar a bayansu. Duka halittun teku ne. Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta cewa tsakanin shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce wani teku marar zurfi ya shigo daga arewa ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe wannan yanki har zuwa ƙasar Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa. Lakar da ta kwanta a ƙarƙashinsa da ɓawon halittunsa su ne suka daskare suka zama waɗannan duwatsu. Masana sun raɗa wa wannan shimfiɗa ta farin dutse sunan Garadawa, wani gari a ƙasar Keita, kuma ita ce dai ta ɓulla a Kalambaina kusa da Sakkwato. Da irin wannan dutse masana'antar Malbaza ke yin siminti tun shekarun 1960, da shi kuma ta Sakkwato ke yi. A cikin lakar da ke ƙarƙashinsa ana samun wani dutse mai sheƙi kamar gilashi, wanda mutanen karkara ke tonowa su tara a sayar wa masu siminti.

Shimfiɗun da suka fi wannan tsufa sun ba da abin da ya fi katantanwa girma. A Ibesetan, arewa maso gabas da Tawa, masu bincike sun tono ƙasusuwan kada da kunkuru da na manyan dabbobin nan da suka ƙare, waɗanda ake kira dainoso. A dutsen Igdaman an samu haƙora da ƙasusuwan wasu manyan ƙadangarun teku, kuma wani ɗan'uwansu da aka gano a ƙasar Sakkwato har sunan Goronyo aka saka masa a littattafan kimiyya. Malamin makaranta da ya kawo ɗalibansa gindin ɗaya daga cikin waɗannan tsaunuka zai iya koya musu a wuni guda abin da allo ba zai koyar a wata ba. Sai dai akwai ƙa'ida. Dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan tarihi ta hana tono irin waɗannan abubuwa ko fitar da su daga ƙasa ba da izini ba. Abin da ya dace shi ne a duba, a ɗauki hoto, a bar abu inda yake, domin ƙashi ko ɓawon da aka ɗauke daga shimfiɗarsa ya rasa rabin labarinsa. Mai son ganin cikakkun ƙasusuwan da aka haɗa, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai na da su.

A ƙasar Keita abin kallon ya sauya, domin a nan hannun mutum ne ya rubuta a jikin dutse. Farin 1973 da 1974 ya kashe itatuwa da dabbobi, sannan na 1984, wanda mutane da yawa ke tunawa da sunan El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari, ya ƙarasa abin da ya rage. Tudu ya zama faƙo, gangare ya tsiraita, ruwa na sauka da gudu yana yanka gonakin fadama, maza kuma suka watsu cin rani. A wannan shekara ta 1984, zamanin Shugaba Saini Kunce, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yayin da Hukumar Abinci ta Duniya ke biyan ma'aikata da abinci. Wani ɗan Italiya mai suna Renato Carucci ne ya daɗe yana jagorantar aikin. Tunda maza ba sa gida, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin: su suka tsinci duwatsu, suka ɗauko a ka, suka haƙa ramuka da diga a kan gangaren da ko tsayuwa a kansa wuya ne.

Dabarar aikin ita ce a bi ruwa tun daga inda ɗigonsa ya faɗo har zuwa fadama, a rage masa gudu a kowane mataki. A saman tudu manyan motoci sun farfasa faƙon, aka yi dogayen kunyoyi aka jera musu duwatsu domin su tare ruwa. A kan gangare aka haƙa gajerun ramuka jere-jere a karkace da juna, kowane da itace a cikinsa. A cikin ƙoramu aka gina shingaye da kwandunan waya cike da duwatsu, su tsayar da yashi su bar ruwa ya tsiyaye. A ƙasa kuma aka yi madatsun ruwa, aka kafe tudun rairayi da karan gero. Lissafin da aka yi bayan kusan shekaru ashirin ya nuna an farfaɗo da fili sama da hekta 34,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, ban da rijiyoyi da hanyoyi da makarantu. Baƙon da ya tsaya a bakin tudu wajen Keita ko Ibohaman ko Tamaske zai ga layukan ramukan nan sun zagaye tsauni kamar tsagar fuska, kowane layi da jerin ƙayoyinsa. Yana da kyau ya nemi wata dattijuwa da ta yi aikin ta ba shi labari da bakinta, domin da yawansu suna raye, kuma sun san wane gangare ne ya fi ba su wuya.

Ba duk abin da aka gina ne ya tsaya ba. Wasu madatsun sun cike da yashi, wasu shingayen waya ta tsinke ba a gyara ba, kuma aikin ya ci kuɗin da ƙauye ba zai iya maimaitawa da kansa ba. Wannan ma darasi ne da ya cancanci a gani da ido. Kusa da manyan ayyukan akwai ƙananan dabaru da manomi ke yi da fartanya da jaki: tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka gero a cikinsu, da ramuka masu siffar rabin wata, da jerin duwatsu a gona. Tassa ta bazu a Adar bayan wasu manoman Illela ta Nijar sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi, kuma ta kai ga har faƙon da a dā ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Ɗalibin aikin gona da ya kwatanta hanyoyin biyu a fili ɗaya zai koma da tambayoyi masu amfani.

A kwarin Majiya, ƙasar Buza, abin da ake zuwa gani shi ne shingayen itace masu tare iska. Iskar gabas takan bi kwarin da ƙarfi, ta kwashe ƙasar sama da rani, ta binne shuka da yashi a farkon damina. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Nijar suka fara dasa bedi, wato dogon yaro, layi biyu-biyu a gicciye da hanyar iska, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. An fara ne wajen Garadume, aikin ya bi kwarin har tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita. An ɗauki masu gadi su kare dashen daga dabbobi har ya girma, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna geron da ke tsakanin shingaye ya fi na fili yabanya. Da itatuwan suka manyanta aka shiga sassabe rassansu bi da bi domin azara da itacen girki. Daga bakin tudu ana ganin ragowar layukan sun ratsa kwarin kamar zaren saƙa, wasu cikakku, wasu da giɓi inda gatari ya yi yawa. Tafiya a ƙarƙashin inuwarsu da tsakar rana na daga cikin abubuwa masu daɗi a wannan yanki, kuma mai tafiyar zai ji da jikinsa yadda iska ke laushi da zarar ya shiga tsakaninsu.

Inda ruwa ya kwanta, tsuntsaye na taruwa. Tafkunan da ke bayan madatsu a ƙasar Keita, da madatsun Mozage da Zango a kan Majiya ta wajen Ƙwanni, da babban tafkin Tabalak a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2005, duk wuraren kallon tsuntsaye ne. Ana ganin balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka tsallako Sahara daga Turai sukan sauka su yi hunturu. Shamuwa kuwa zuwanta gab da damina ne, shi ya sa manoma ke duban ta. Kallon tsuntsu na son sammako da shiru da tufafi marasa ƙyalli. Wanka a irin wannan ruwa mai kwanciya ba shi da kyau saboda tsargiya, kuma wanda zai kwana kusa da shi ya riƙe gidan sauro.

Da rani fadamun Tarka da Majiya sukan koma kore da albasa. Irin nan mai ruwan hoda da ake kira da sunan Galmi ya yi suna a duk Afirka ta Yamma. Ana yafa iri bayan kaka, a dasa da sanyi, a yi ta ban ruwa da ƙananan injuna daga rijiyoyin da ba su da zurfi, a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. Wanda ya zo a wannan lokaci zai ga buhuna jibge a bakin hanya, da manyan motoci masu lodi zuwa Abijan da Akara da Kumasi da Kwatano, da rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Zai ga kuma yadda ake daka ganyenta a shanya a yi gabu. Masu lambu ba sa ƙin baƙon da ya yi sallama ya tsaya a bakin lambu yana tambaya, muddin bai taka shuka ba. Madawa ta shahara da tabarmin kaba masu rini da kuma kilishi, kasuwannin karkara kuma, kowane gari da ranarsa, suna haɗa manomi da makiyayi: ga hatsi, ga cukun Abzinawa, ga nonon Fulani, ga raƙuma da jakuna a kara. Bayan girbi ana kokowa a dandalin gari da dare, kuma jihar Tawa ce ta karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975.

Akwai kuma masu zuwa domin tarihi da ziyara. A wajajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela ta Nijar. Sarautar Keita ta Abzinawan Lisawan ce, Azarori kusa da Madawa kuma mazaunin Abzinawan Kel Geres ne. Wannan cuɗanya ta Hausawa da Abzinawa ana jin ta a sunayen garuruwa, ana ganin ta a rawani da takobi da sirdin raƙumi. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma kabarin malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana kusa da Madawa, inda almajirai daga Nijar da Najeriya ke zuwa ziyara. Wanda ya ƙara tafiya yamma zai iya tsayawa a Yama ya ga masallacin laka da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Tunda babu jami'in gandu da zai tarbi baƙo, al'adar gari ce ke tsara ziyarar. Ana fara sauka wurin maigari, a yi gaisuwa, a ce, «Ranka ya daɗe, mun zo ganin dutse ne,» a miƙa goro. Shi zai haɗa baƙo da saurayin da ya san hanya, kuma hakkin wannan ɗan rakiya ne a sallame shi da abin kirki. Akwai duwatsu da kogo da itatuwa da wasu garuruwa ke girmamawa tun zamanin kakanni, akwai kuma tsofaffin maƙabartu a gindin tsaunuka, ɗan gari ne kaɗai zai nuna inda ba a hawa da inda ba a taɓawa. Ba a ɗaukar hoton mutum, musamman mace, sai an tambaye shi, ba a kuma ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro. Kafin kaka ba a ratsa gona. Ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse saboda kunama da kububuwa. Ledar ruwa da ta abinci a mayar da ita cikin jaka, domin akuya na cin leda ta mutu. Batun tsaro kuma ba abin wasa ba ne: arewacin jihar Tawa ya yi fama da hare-hare, bakin iyaka ta kudu kuma da ƴan fashin daji, saboda haka mai niyyar zuwa ya tuntuɓi hukumomin gunduma kafin ya taso, ya yi tafiyarsa da rana, baƙon wata ƙasa kuma ya bi sharuɗɗan rakiya da gwamnati ta gindaya.

Idan aka kwatanta da sauran duniya, kwarurukan Adar ƙanana ne. Babban kwazazzabon Arizona ta Amurka, wanda kogin Kolorado ya haƙa, ya kai tsawon kilomita 446 da zurfin da ya wuce mita 1,800, an mayar da shi gandun ƙasa tun 1919, miliyoyin mutane kuma na zuwa duk shekara su bi hanyoyin ƙafa, su hau alfadari, su shiga kwalekwale. Misalin da ya fi kusa da Adar shi ne dutsen Bandiyagara na ƙasar Dogon a Mali, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1989. A can ma mutane ne ke zaune a cikin abin kallon, kuma a dā samarin gari ne ke rakiya, baƙi na kwana a soron gidajen ƙauye, kuɗin kuma na shiga hannun masu wurin. Rikicin da ya ɓarke a Mali daga 2012 ya durƙusar da wannan sana'a, abin da ya nuna haɗarin dogara ga baƙin Turai kaɗai.

Baƙin da Adar ta fi iya samu a yau na kusa ne: ɗaliban makarantun Tawa da Maraɗi da Sakkwato, ma'aikatan gona da na gandun daji masu zuwa koyon dabarun tare ruwa, masu ziyarar malamai, da ƴaƴan Adarawa da aka haifa a Abijan ko Kano ko Legas da ke son ganin garin iyayensu. Masauki mai ɗan kyau yana Tawa da Ƙwanni da Madawa. A Buza da Keita akwai ƙananan ɗakunan baƙi, a ƙauye kuma zauren maigari ne. Kwana uku sun isa a taso daga Madawa, a wuni a kwarin Majiya, a kwana Buza, a hau tsaunukan Keita da asuba, a sauka Tawa da yamma. Abin da wurin ya fi buƙata bai wuce ƙarfin ƙananan hukumomi ba: a zaɓi hanyoyin hawa biyu ko uku a sa musu alama, a horar da samarin da za su iya bayanin duwatsu da tarihin aikin Keita, a tsayar da kuɗin rakiya sananne, a kuma naɗi muryoyin matan da suka haƙa ramukan gangaren tun suna da rai.